Ciwon Cikin Da Ake Jin Kunyar Faɗa: Yadda Za Mu Zauna Da Shi Yau Da Kullum

Jawabin da aka gabatar wa dattawan ikilisiyoyi da shugabannin zumuntar mata na yankin Wurno, Rabah da Goronyo.

 Sannunku da hanya, musamman waɗanda suka taso tun da asuba daga Goronyo da Wurno, da waɗanda suka biyo ta Tursa da ƙauyukan Rabah a kan babur. Mun san halin da hanya take ciki, mun kuma gode wa Allah da ya kawo ku lafiya.

Sa'ad da aka ba mu wannan lokaci, an ce mu yi magana a kan abin da yake sa wasu 'yan'uwa ja da baya daga sujada. Mun san abin da kuke tsammani za mu ambata: sanyin zuciya, da son duniya, da tsoro. Duk akwai su. Amma yau za mu ɗauki wani dalili da magatakarda bai taɓa rubutawa a littafin ikilisiya ba, wato ciwon ciki. Kada ku yi dariya tukuna.

A wata ikilisiya da muka yi hidima a baya akwai wani dattijo mai aminci, shi ne ma yakan buɗe ƙofar majami'a kowace Lahadi. Sai ya koma zama a bencin baya. Daga nan ya fara fita kafin wa'azi, a ƙarshe ya daina zuwa gaba ɗaya. Dattawa suka zauna, har an fara maganar horo. Sau uku muka je gidansa. A zuwa na uku ne matarsa ta biyo mu bakin zaure ta ce, “Fasto, Baba ba ya fushi da kowa. Cikinsa ne. In ya zauna awa ɗaya sai ciki ya murɗa, kuma ka san bayan gidan majami'a ba shi da ƙofa.” Shekara biyu bawan Allah yana ɗauke da wannan abu, ya gwammace a ce ya yi baya da a san gaskiyar. Kunya ta kama mu ƙwarai, gama mu ma mun san wannan ciwo a jikinmu, mun kuma rufe bakinmu kamar yadda ya rufe nasa.

Likitoci suna kiran ciwon da haruffa uku, IBS. Mu a nan za mu kira shi hanji mai saurin fushi, domin haka yake. Mutum yakan ji ciki yana murɗawa ko yana ƙullewa, ya kumbura kamar ganga, iska ta yi yawa, ciki ya yi ta ƙugi. Wani gudawa ce take damunsa, musamman da safe ko da zarar ya ci abinci. Wani taurin bayan gida ne, ya yi kwana uku bai fita ba. Wani kuma yau wannan, gobe wancan. Akan ga majina a bayan gida, mutum ya tashi yana jin kamar bai gama ba. A ƙa'idar da masana suka fitar a shekarar 2016, wadda ake kira Rum ta Huɗu, an ce ciwon cikin ya zama yana zuwa aƙalla rana ɗaya a mako cikin wata uku na baya, yana tare da aƙalla biyu cikin waɗannan, wato alaƙa da fita bayan gida, canjin yawansa, da canjin kamanninsa, kuma abin ya fara aƙalla wata shida da suka wuce. Saboda haka gudawar kwana uku bayan cin abincin biki ba ita muke nufi ba.

Abin da yake rikitar da mutane shi ne, in an yi awon jini da na bayan gida, har aka leƙa hanjin da na'ura, ba a ganin gyambo ko ƙari. Sai a ce wa mutum lafiyarsa ƙalau, shi kuwa ya san ba ƙalau ba. Bayanin kuwa yana nan. Akwai jijiyoyi masu yawa da suke kai saƙo tsakanin hanji da ƙwaƙwalwa, kuma a wurin mai wannan ciwo saƙon yakan zo da ƙarfi fiye da kima. Tun a 1973 wani likita a Ingila ya gwada haka: ya sa ɗan balan-balan a hanjin mutane yana hura masa iska kaɗan kaɗan, sai ya ga masu wannan ciwo suna jin zafi tun iskar ba ta kai inda sauran mutane suke fara ji ba. Wato iskar da maƙwabcinka zai ɗauka a cikinsa ya tafi gona, ita ce za ta kwantar da kai. Har ila yau hanjin yakan yi gaggawar tura abinci, ko ya yi nawa. Ciwo ne na gaske. Amma ku riƙe wannan, domin shi ne ya fi kwantar mana da hankali: ba ya rikiɗa ya zama ciwon daji, ba ya kuma rage wa mutum kwana.

Ba mu kaɗai ba ne. A wani babban bincike da aka buga a 2021, wanda ya shafi mutane fiye da 70,000 a ƙasashe 33, har da Nijeriya da Gana, an sami mutum 4 cikin 100 da wannan ciwo a cikin waɗanda suka amsa ta intanet, adadin kuma ya yi ƙasa da haka a inda aka bi gida gida. Da ma'aunin da aka yi amfani da shi a da, wanda bai kai wannan tsauri ba, adadin yakan haura sosai. Ya fi kama mata fiye da maza, kuma iyayenmu mata da yawa za su shaida cewa yakan tsananta lokacin al'ada.

Wani abin da ya shafe mu a wannan yanki shi ne, sau da yawa ciwon yakan fara ne bayan mutum ya yi gudawa mai tsanani ta gurɓataccen ruwa ko abinci. Ƙwayar cutar ta tafi, amma hanjin bai huce ba. Wajen mutum ɗaya cikin goma da suka yi irin wannan gudawa sukan wayi gari da hanji mai saurin fushi. An ga haka a fili a garin Walkerton na ƙasar Kanada, inda ruwan famfo ya gurɓata a shekarar 2000, mutum fiye da 2,000 suka kwanta, bakwai suka mutu, bayan shekaru kuma da yawa cikin waɗanda suka warke suna nan suna fama da ciki. In haka ta faru a Kanada, ina ga mu da muke shan ruwan rijiya da na gulbi, muka kuma ga annobar amai da gudawa ta 2021 da idonmu? Tafasa ruwan sha da rufe shi yana cikin maganin tun kafin ciwo ya zo.

Yanzu za mu yi gargaɗi, muna roƙo a saurara da kyau. Kada wani ya tashi daga nan ya sa wa kansa suna. Mu makarantar tauhidi muka yi; abin da muke faɗa mun koya ne daga likitoci da karatu da kuma jikinmu. Akwai alamun da ba na wannan ciwo ba ne sam: jini a bayan gida ko bayan gida baƙi ƙirin, ramewa ba dalili, zazzaɓi, ƙarancin jini, gudawar da take tashin mutum daga barci cikin dare, ƙullutu a ciki, ko a ce ciwon ya fara ne bayan mutum ya haura shekara 50, ko akwai wanda ya yi ciwon dajin hanji a gidansu. Mace da ta manyanta ta ga cikinta ya kumbura ba ya saɓewa, ita ma kada ta zauna. Duk mai ɗaya daga cikin waɗannan ya nufi asibiti a wannan mako, in an tura shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo ko Asibitin Ƙwararru a Sakkwato ya tafi, ikilisiya kuma ta taimaka da kuɗin mota. Dattawa, yawancinmu mun haura hamsin, wannan magana tamu ce. Mun binne wani ɗan'uwa da ya shekara yana shan maganin basir alhali ƙari ne a hanjinsa. Ba ma so mu sake.

Ko babu waɗannan alamu, a fara da gwajin bayan gida da awon jini. A ƙasarmu akwai atini, akwai tsutsar ciki, akwai tibi da yake kama hanji, akwai ƙanjamau, ga kuma tsargiya ga masu shiga ruwa a fadama da magudanan noman rani, wadda wata irinta hanji take kamawa. Duk waɗannan suna iya kwaikwayon hanji mai saurin fushi, kuma kowannensu yana da maganinsa dabam.

Ga kuma inda kuɗinmu yake zurarewa. Mun san wata 'yar'uwa da aka yi wa ƙarin ruwa da allurai sau biyar cikin shekara guda a wani ɗakin shan magani, kowane zuwa a ce taifot ne, har ta sayar da akuyarta. Ba ta taɓa yin zazzaɓi ba ko sau ɗaya. Taifot kuwa da zazzaɓi mai naci yake zuwa. Gwajin Widal da aka fi yi a ƙananan wurare yakan nuna alama ko a jikin mai lafiya, in ya taɓa haɗuwa da ƙwayar a baya, kuma a nan wa bai taɓa haɗuwa da ita ba? Haka kuma shan Flagyl da kafso mai ja da rawaya duk ran da ciki ya motsa. Waɗannan magunguna suna kashe ƙwayoyin halitta masu amfani da suke zaune a hanji, su kuma koya wa masu cutarwa taurin kai. Sai masu lasifika a ranar kasuwa da maganin wankin ciki. Ganye irin su filasko suna da ƙarfin sa zawo, kuma hanjin da yake cikin fushi in ka ƙara masa bulala me kake tsammani? Kanwa ma a yi hankali da ita, musamman mai hawan jini.

Abin da ya fi kuɗin ciwo a ranmu shi ne zargi. Ciwon da asibiti bai gani ba, nan da nan sai a ce sammu ne, an ba mutum wani abu a abinci. Sai a fara kallon suruka, ko matar wa, ko maƙwabcin da aka yi cacar baki da shi a kan iyakar gona. Mu da muke 'yan kaɗan a garuruwan nan, muna zaune da maƙwabta da suke kawo mana abincin salla mu kai musu na Kirsimati, irin wannan zargi wuta ce da ba za mu iya kashewa ba. A cikin ikilisiya kuma wasu sukan ce zunubi ne a ɓoye ko rashin bangaskiya. Ku tuna a wasiƙarsa ta fari zuwa ga Timoti, Manzo Bulus ya tsaya a tsakiyar manyan al'amuran ikilisiya ya yi wa ɗansa cikin bangaskiya magana a kan cikinsa da rashin lafiyar da take yawan damunsa. Bai tuhume shi da kome ba, shawara ya ba shi a kan abin sha. Matasa, mun ga kuna murmushi. Barasa tana cikin abubuwan da suke tsokanar irin hanjin da muke magana a kai, saboda haka babu mafaka a nan.

To, likita ya duba ya ce hanji mai saurin fushi ne. Sai me?

Abu na fari ba a kemis yake ba. A sayi ɗan littafin rubutu irin na 'yan firamare. Mako biyu zuwa huɗu, kowace rana a rubuta abin da aka ci da lokacin da aka ci, yadda ciwo ya yi, sau nawa aka fita, yadda aka yi barci, da abin da ya tayar da hankali a ranar. Wanda bai iya rubutu ba, ɗansa ko matarsa su rubuta masa. A rubuta kamannin bayan gida ma. Likitocin Bristol a Ingila sun kasa shi kashi bakwai a 1997: na ɗaya kamar kashin awaki, na uku da na huɗu su ne daidai, na shida kamar kunu mai kauri, na bakwai ruwa zalla. In ka kai wa likita wannan littafi ka taimake shi fiye da ka ce masa “ciki ne kawai.” Mu a namu littafin ne muka gane cewa ranar Litinin ce ranar wahalarmu, kuma dalilin bai wuce yadda muke wuni ranar Lahadi ba ci ba sha, sa'an nan da yamma mu zauna a gaban wake da shinkafa da yaji da ɗanyar albasa mu ci kamar ba gobe. Shekaru muna zargin shaidan, ashe cokali ne.

Shawarar da hukumar lafiya ta Ingila ta bayar tun 2008 mai sauƙi ce. A ci abinci a kan lokaci, kada a tsallake, kada a bar tazara mai tsawo, a zauna a tauna a hankali. A sha ruwa aƙalla kofi takwas a rana. Wannan kuwa lissafin ƙasar sanyi ne, mu da zafinmu yake haura digiri 40 a watan Afrilu da Mayu sai mu ƙara. Shayi da kofi kada su wuce kofi uku. A rage lemon kwalba mai gas, da abinci mai maiƙo, da barkono in an ga yana tayar da ciki. Goro ma yana ɗauke da sinadarin da yake cikin kofi, mai gudawa ya lura da shi. Ku dubi teburin mai shayi da safe: Nescafe, madarar gwangwani, burodi, ƙwai da albasa cikin mai. Ga mai lafiya karin kumallo ne, ga mai wannan hanji kuwa abokan faɗansa ne suka taru a faranti ɗaya.

Yanzu mu zo kan albasa, mun kuwa san muna taka wuri mai santsi, gama albasa da tafarnuwa su suke biyan kuɗin makarantar 'ya'yanmu da yawa a fadamun Wurno da gonakin da suke shan ruwan madatsar Goronyo a kan gulbin Rima. Wajen shekarar 2005 masana a Jami'ar Monash ta ƙasar Ostireliya, Peter Gibson da Sue Shepherd, suka bayyana cewa akwai wasu nau'o'in sukari a cikin abinci da ƙaramin hanji ba ya tsotsewa da kyau. Sukan jawo ruwa cikin hanji, in sun isa babban hanji kuma ƙwayoyin da suke can su cinye su su fitar da iska, kamar yadda ƙullu yake tashi in ya kwana. Sun sa musu suna FODMAP. Albasa da tafarnuwa suna kan gaba. Sai alkama, wato burodi, taliya, fanke da Indomie. Sai wake da 'ya'yansa, ƙosai da alale da ɗanwake. Sai madara, mangwaro, kankana da zuma. A ɗaya gefen, waɗanda ba su cika tayar da ciki ba su ne shinkafa, gero, dawa, masara, dankalin turawa, karas, tumatir, gyaɗa, ƙwai, nama, kifi, lemon zaƙi, abarba da gwanda. Kun ga ashe tuwon da iyayenmu suka rene mu da shi bai yi mana laifi ba. Abin da muka ƙara a kansa ne.

Iyayenmu mata za su ce, miya ba albasa ai ba miya ba ce. Akwai dabara. Sukarin da yake cikin albasa da tafarnuwa a ruwa yake narkewa, ba ya narkewa a mai. Saboda haka a yanka su manya manya, a soya a cikin mai zalla har ƙamshi ya fita, a tsame su duka, sa'an nan a zuba tumatir da ruwa. Ƙamshin ya shiga, abin da yake kumbura ciki ya fita. In aka dafa su cikin ruwan miya aka tsame daga baya, aikin banza ne, ya riga ya narke a ciki. Lawashi, koren ganyen albasa, shi ma ya fi kan albasar sauƙi nesa ba kusa ba. Wake kuma a jiƙa shi ya kwana, a zubar da ruwan, a dafa da sabon ruwa, a ci kaɗan. Awara da aka matse da kyau takan zauna a cikin mutane da yawa da wake ba ya zama musu, domin yawancin sukarin yakan bi ruwan da aka tace.

Madara tana da nata labari. Wani bincike da aka yi a Nijeriya aka buga a 1971 ya nuna Fulani makiyaya da yawa suna narkar da sukarin madara har girmansu, alhali yawancin Yarabawa da Ibo ba sa iyawa bayan yaye. Ikilisiyoyinmu kuwa taron kabilu ne, daga Zuru, daga kudancin Kaduna, daga Filato, daga kudu. Abin da ɗan'uwanka ya sha ya kwana lafiya ba lalle ya karɓe ka ba. Nono mai tsami da kindirmo sun fi ɗanyar madara da ta gari sauƙi, gama tsamin ya cinye wani ɓangare na sukarin.

Amma a kula, ba a ce a bar waɗannan abinci har abada ba. A rage su na mako biyu zuwa shida. In an sami sauƙi, sai a dawo da su ɗaya bayan ɗaya, kowanne kwana uku, ana rubutawa a littafi, har mutum ya san nasa abokin gaba da kuma yawan da cikinsa zai ɗauka. Rabi ko fiye na masu gwada wannan hanya sukan sami sauƙi. Wanda bai ga canji ba ya koma cin abincinsa, ya nemi wata hanya. Mun ga wanda tsoro ya sa ya koma koko da farar shinkafa kawai har ya rame, wannan kuwa wani ciwon ne dabam. Kada kuma a hana yara da masu juna biyu wake saboda cikin maigida. A raba tukunya, ko a ɗebi nasa kafin a zuba abin da ba ya so.

Game da magani za mu taƙaita, domin aikin likita ne. Akwai masu sassauta murɗar ciki, irin su Buscopan da mebeverine, da kafson man na'a-na'a. Buscopan bai dace da mai hawan ruwan ido da ake kira gilakoma ba, ko dattijon da fitsari yake yi masa wuya. Mai gudawa akwai loperamide, wanda yake da amfani ƙwarai kafin tafiya, amma ba a shansa in akwai jini ko zazzaɓi. Mai taurin bayan gida akwai garin ispaghula, irin su Fybogel, a fara da kaɗan a bi shi da ruwa mai yawa. Dusar alkama kuwa takan ƙara kumburi. In waɗannan sun kasa, likita yakan ba da amitriptyline kaɗan da dare. A wani gwaji da aka yi a Ingila kan mutum 463, aka buga a 2023, an ga miligiram 10 zuwa 30 yana rage ciwon. Wani ɗan'uwa ya karanta takardar cikin kwalin ya ga maganin ciwon damuwa ne, ya zo mana a fusace wai likita ya ɗauke shi mahaukaci. Ba haka ba ne. A wannan ɗan ƙaramin awo jijiyoyin hanji yake lallashi. Sai dai kada kowa ya saya da kansa.

Ba za mu iya rufe ido daga damuwa ba. Tun harin da aka kai Tabanni a gundumar Gandi a 2018, da na kasuwar Goronyo a watan Oktoba na 2021, da waɗanda ba su shiga rediyo ba, mutanenmu da maƙwabtanmu da yawa suna kwana da kunne ɗaya a buɗe. Tsoro bai ƙirƙiro ciwon ba, amma yana hura masa wuta, tun da hanyar saƙo tsakanin kai da ciki a buɗe take ta kowane gefe. Wanda ya taɓa jin ƙarar babura da dare cikinsa ya kaɗa ya san abin da muke nufi. Abin da yake hannunmu shi ne barci a kan lokaci gwargwadon hali, da tafiya a ƙafa da ɗan sauri minti 20 zuwa 30 sau uku ko fiye a mako ga masu aikin zama, malamai da masu shago da mu fastoci. Sai jan numfashi a hankali har ciki ya taso, a sake shi a hankali, minti biyar, sa'ad da murɗa ta fara. Sai samun wanda za ka faɗa wa abin da yake ranka. Wanda baƙin ciki ko firgita suka hana shi barci da aiki, akwai likitocin wannan fanni a asibitin tarayya na Kware, zuwa can kuma ba abin kunya ba ne.

Tafiya ita ce babbar fargabar mai gudawa, tun da yanzu direba ba zai tsaya maka a daji ba, kuma da gaskiyarsa. A tashi da wuri, a ci abu kaɗan mara maiƙo, a ba hanji lokaci ya yi aikinsa a gida kafin a nufi tasha, gama hanji yakan motsa ne bayan cin farko na safe. A riƙe buta ko ruwan leda, da sabulu, da zane ko wando na canji a jaka. Mun lura ranar da muka riƙe waɗannan ba mu cika bukatarsu ba.

Saura namu na ikilisiya. Azumi abu ne mai kyau, ba mu zo rushe shi ba. Amma in an sa azumin kwana bakwai ko ashirin da ɗaya a farkon shekara, dattawa su faɗa daga bagade cewa mai ciwon ciki yana iya shan ruwa da koko, ko ya rage sa'o'i, ba tare da ya zo ya yi wa kowa bayani ba. Mai buɗe baki kuma ya fara da ruwa da abu mai sauƙi, ya dakata kaɗan kafin tuwo. A bikin Kirsimati da na aure da taron zumunta, in baƙo ya ce ya ƙoshi ko ya ture wake gefe, kada a matsa masa, kada a ce raini ne. Masu tsaron ƙofa su daina bin mai fita tsakiyar wa'azi da ido, su bar bencin kusa da ƙofa ga mai bukatarsa. Mu masu wa'azi kuma, sujadar awa huɗu ba kowane ciki ne yake ɗauka ba. Wannan da kanmu muke.

Dattijon da muka ba ku labarinsa ya dawo sujada bayan an yi masa gwaji, ya san abincin da ba ya karɓarsa, ikilisiya kuma ta sa wa bayan gida ƙofar langa-langa da sakata, aka ajiye randa da buta biyu da sabulu. Kuɗin bai kai na sabon lasifikar da muka saya a wannan shekarar ba. Saboda haka muna roƙon kowane magatakarda da ma'aji da suke nan, kafin taronmu na gaba ku je ku duba bayan gidan majami'arku da idonku, na maza da na mata, ku kawo mana rahoto a rubuce: akwai ƙofa, akwai sakata, akwai ruwa, nawa kuma gyaran zai ci.